Digirin digirgir kan injin tabain: ɗalibta a Ingila ko aikin albashi a Jamus da Suwidin?

Injiniyan da ya gama digiri na biyu a fannin injuna ko na jiragen sama, yake kuma son zurfafawa a kan injin tabain mai aiki da iskar gas, hanyoyi biyu ne manya a gabansa idan ya fuskanci Turai. Ko ya tafi Ingila a matsayin ɗalibi, wani ya biya masa kuɗin makaranta ya ba shi alawus, ko ya nemi gurbi a Jamus ko Suwidin a matsayin ma'aikaci, jami'a ta riƙa biyansa albashi har ya kammala kundinsa. Takardar da za a miƙa masa a ƙarshe duk sunanta digirin digirgir, amma abin da zai iya yi da hannunsa daban, ƙofofin da za su buɗe masa ma daban. Yawancin matasanmu sunan jami'a suke fara tambaya. A ganina wannan tambaya ce ta uku. Ta farko ita ce wane ɓangare na injin kake son ka sani, ta biyu kuma wa zai biya, bisa wane sharaɗi.

Na sa ɓangaren injin a gaba ne saboda fannin ya yi faɗin da mutum ɗaya ba zai rungume shi ba. Injin da ke rataye ƙarƙashin fiffiken jirgin da ke kai alhazai Jidda da wanda ke juya janareta a tashar wuta ta Geregu 'yan gida ɗaya ne. Iska ke shiga ta gaba, kwamfreso ya matse ta, a fesa mata mai a kunna, ta kumbura da zafi ta bi ta kan fukafukan tabain ta juya su. Tabain ɗin ya juya kwamfreso, ragowar ƙarfin ya tafi ga fanka ko ga janareta. A shekara guda rassan biyu suka fito fili. A watan Agusta na 1939 jirgin Heinkel He 178 ya tashi a Jamus da injin Hans von Ohain, a shekarar ce kuma kamfanin Brown Boveri ya kafa tabain mai megawat 4 a garin Neuchâtel na Suwizalan don samar da wuta. Frank Whittle na Ingila ya shigar da takardar rajistar ƙirarsa tun 1930, sai dai jirgi bai tashi da injinsa ba sai 1941. Har yau zumuncin rassan bai yanke ba: tashar gaggawa mai megawat 50 da aka buɗe a Maiduguri a 2023, injin TM2500 na kamfanin GE ne a cikinta, wanda zuriyarsa ke komawa ga injin jirgin sama na CF6.

Ka ɗauki fiffike ɗaya daga layin farko na tabain a injin babban jirgi. Zai zauna a tafin hannunka. An zuba shi ne da gaurayen ƙarfen nikel a matsayin ƙwaya ɗaya tal marar gaɓa, cikinsa hanyoyi ne masu kwana-kwana, jikinsa cike da ƙananan huji, an kuma lulluɓe shi da siririn rufi na yumɓu. Iskar da ke dukansa kan kai digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyos, alhali ƙarfen kansa yana fara narkewa ne a wajen 1,300. Abin da ke hana shi zagwanyewa shi ne iskar da ake ɗiba daga kwamfreso, wadda ita ma ta haura digiri 600, ana tura ta ta cikinsa ta fito ta hujin nan ta shimfiɗu a jikinsa. Duk iskar da aka ɗiba don sanyayawa kuwa asara ce ga injin. Saboda haka akwai mai yin shekara huɗu yana nazarin siffar bakin hujin nan kaɗai, kuma kamfani na biyansa da farin ciki, don rabin kashi ɗaya cikin 100 na man jirgi maƙudan kuɗi ne idan aka tara jirage dubbai.

Wannan reshe ɗaya ke nan. Wani yana kan yadda iska ke ƙwacewa daga fukafukan kwamfreso har injin ya yi tari. Wani yana ɗakin ƙonewa, yana neman yadda za a ƙona haidirojin ba tare da wutar ta koma baya ko hayaƙin naitirojin ya yi yawa ba. A watan Nuwamba na 2022 Rolls-Royce mai ƙera injin jirgi da kamfanin jiragen easyJet suka sanar da gwada injin AE 2100 da haidirojin a ƙasa, tun daga nan kuɗin bincike ke ta kwarara wannan sashe. Akwai masu ƙarfe da rufinsa. Sai kuma masu kallon injin gaba ɗayansa: nawa yake bayarwa, nawa yake sha, me ke rage masa ƙarfi, yaushe ya kamata a buɗe shi. Wannan reshe na ƙarshe shi ne ya fi kusa da bukatar tashoshinmu, kuma shi ne gadon Cranfield.

Cranfield ƙauye ne a yankin Bedfordshire, tsakanin Bedford da Milton Keynes. An kafa makarantar a 1946 a matsayin kwalejin ilimin jiragen sama a wani sansanin sojan sama, har yau tana da filin jirginta, kuma ta shahara da cewa masu digiri na biyu da na uku take koyarwa. Rolls-Royce na da cibiyar bincike a can kan aikin injin gaba ɗaya. Jami'ar na da manhajojinta na gida: Turbomatch mai lissafa yadda injin zai yi aiki a kowane yanayi, da Pythia mai gano inda cuta take daga alƙaluman zafi da matsin iska da gudun juyawa, ba tare da an kwance ƙusa ɗaya ba. Tana kuma da tsarin da ke haɗa lissafin injin da na kuɗi da na hayaƙi, wanda ke amsa irin tambayar da manajan tasha zai yi: idan na sayi wannan injin maimakon wancan, me zan samu a shekara ashirin? 'Yan Najeriya da dama sun yi digirinsu a can, da yawansu da tallafin PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur na gwamnatin tarayya, a kan batutuwa irin su datti a kwamfreso da wanke shi, amfani da iskar gas da ake ƙonawa a banza a rijiyoyin mai, da injinan da ke tura gas a bututu. Wanda ya je ba zai zama baƙo ba. Zai tarar da malaman da suka san takardun jami'o'inmu, da tsofaffin ɗalibai a NNPC da kamfanonin wuta da jami'o'i da za su iya yi masa jagora.

Amma ga abin da nake so mai neman Cranfield ya auna. Yawancin wannan aiki a kwamfuta ake yinsa, kuma manhajar ta jami'a ce. Idan ka shafe shekara uku kana zuba alƙaluma a cikinta kana karɓar sakamako, ranar da ka dawo Zariya ko Kano babu lasisi a hannunka, sai ka ga ilimin ya tsaya a can. Wanda ya yi wa kansa adalci shi ne wanda ya rubuta nasa lissafin da Python tun daga tushe, ko da ƙarami ne, ya gwada shi da na jami'a, ya kuma koyi wata manhajar da ake samu a waje irin GasTurb ko pyCycle ta NASA wadda take kyauta. Na biyu, ɗalibin da ya zo da kuɗin ƙasarsa ba lallai ne a sa shi cikin ayyukan da kamfani ke ɗaukar nauyi ba, inda ainihin alƙaluman injin suke. Sai ya tambaya tun kafin ya tashi daga gida.

Kambirij da Oksfod da Loughborough wata duniya ce. Ɗakin gwaje-gwaje na Whittle a Kambirij, wanda aka buɗe a 1973, gidan masu nazarin tafiyar iska a kwamfreso da tabain ne, yana aiki da Rolls-Royce da Mitsubishi da Siemens. Cibiyar Oksfod da ke unguwar Osney ta yi fice a zafi da sanyaya fukafukai, Loughborough kuma a ɗakin ƙonewa. Tun 2014 jami'o'in uku suka haɗa shiri na shekara huɗu: shekarar farko ɗalibai duka suna Kambirij suna karatu tare, sannan kowa ya kama bincikensa na shekara uku a ɗayansu. Irin waɗannan shirye-shirye zango-zango gwamnati ke ba su kuɗi, don haka a duba ko ana ɗauka a shekarar da mutum ke nema. Wanda ya samu gurbi a nan bai da abin jira, ya karɓa. Sai dai guraben kaɗan ne, masu nema kuwa daga ko'ina a duniya, kuma hukumar UKRI mai ba da tallafin ta ƙayyade cewa 'yan ƙasashen waje ba za su wuce kashi 30 cikin 100 na waɗanda ake ɗauka ba.

Batun kuɗi a Ingila shi ne ke karya gwiwar mutane. Kuɗin makaranta na ɗan ƙasar waje a fannin injiniya yakan haura fam 20,000 a shekara, a Kambirij da Oksfod ya zarce 30,000. Alawus ɗin UKRI na zangon 2025 zuwa 2026 fam 20,780 ne a shekara, babu haraji a kansa. Zai riƙe mutum ɗaya idan ya iya tattali, amma mai mata da 'ya'ya zai ji jiki. Tallafin UKRI kuɗin makaranta na ɗan gida yake biya, ragowar sai jami'a ta yafe ko a nemo daga wani wuri, kuma ba kowace ke yafewa ba. Ga kuɗin lafiya da ake biya tare da biza, fam 776 a shekara kan kowane mutum, ana kuma karɓar na shekarun duka a dunƙule. Abin sauƙi ɗaya shi ne dokar Janairun 2024 da ta hana ɗalibai zuwa da iyali ba ta shafi masu digirin bincike ba. Ɗan Najeriya hanyoyinsa sanannu ne: PTDF, tallafin Commonwealth wanda hukumar tallafin karatu ta tarayya ke tantance masu nema, ko na jami'ar kanta. 'Yan Gana da Kamaru ma suna cikin Commonwealth. Shawarata ga wanda ke tunanin sayar da fili ko gida ya biya wa kansa ita ce kada ya yi. A wannan fanni ƙungiyar binciken da ke son aikinka tana da hanyar nemo kuɗinsa.

Sannan akwai ATAS, takardar izini daga ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya da ake bukata kafin biza ga duk mai binciken da za a iya karkatar da shi ga makamai. Injin jirgin sama na cikin sahun gaba. Ba a biyan ko sisi, amma takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni idan an shiga damina lokacin da masu nema suka yi yawa. Bayanin binciken da za ka rubuta a fom ɗin dole ya yi daidai da wanda malaminka ya amince da shi, kalma da kalma, kuma idan batun ya sauya a tsakiyar karatu sai an sake nema. Wasu guraben da kamfani ke biya ma a sanarwar za ka ga an taƙaita su ga 'yan wasu ƙasashe saboda dokar hana fitar da fasaha. Ka karanta layin ƙarshe na sanarwa kafin ka ɓata mako guda kana tsara takardu.

A Jamus ba gurbin karatu ake nema ba, aiki ake nema. Farfesa mai shugabantar cibiya yana da ayyukan da gwamnati ko kamfani suka ba shi kuɗinsu, sai ya ɗauki injiniyoyi su yi. A sanarwa za ka ga an rubuta wissenschaftlicher Mitarbeiter, wato ma'aikacin bincike, da matakin albashi E13. A fannin injiniya sau da yawa cikakken albashin ake biya, wanda ya haura Yuro 4,000 a wata kafin a cire haraji da inshorar lafiya da fansho. Babu kuɗin makaranta. Mai iyali zai iya kama gida ya zauna cikin rufin asiri, shekarun kuma ana lissafa masa su a matsayin shekarun aiki.

Albashin nan kuwa aikinsa ake yi. Za ka tafiyar da aikin da MTU, kamfanin ƙera injin jirgi na Munik, ko reshen Rolls-Royce da ke Dahlewitz kusa da Balin ko Siemens Energy suka kawo, ka rubuta rahoto a kan lokaci, ka tsaya gaban injiniyoyinsu ka kare alƙalumanka. Za ka koyar da ɗalibai, ka duba kundin masu digiri na farko da na biyu, wani lokaci ka taya rubuta takardar neman kuɗin aiki na gaba. Kundinka kuma a tsakanin waɗannan yake girma. Shi ya sa shekara biyar ba abin mamaki ba ce, shida ma ana gani, alhali a Ingila uku zuwa huɗu ne. Farfesan ba kullum za ka gan shi ba, don yana iya riƙe mutum talatin ko fiye, shugaban rukuninku ne zai san halin da kake ciki. Wanda ya saba a riƙe masa hannu zai sha wahala a shekarar farko.

Abin da Jamus ta fi kowa a Turai, a ganina, shi ne kayan gwaji da yadda ake barin ɗalibi ya mallake su. Cibiyar binciken sararin samaniya ta DLR a Kolon tana da wuraren gwada ɗakin ƙonewa a matsin iska irin na injin gaske, ita ce kuma ke gina manhajar TRACE da MTU ke ƙera injuna da ita. Darmstadt na da kwamfreson gwaji wanda bakin fukafukansa ke wuce gudun sauti. Stuttgart na da ɗakin da ake saka injin sukutum a rage masa iska a sanyaya ta har ta zama irin ta can sama inda jirgi ke tafiya. Aachen da Karlsruhe da Munik kowacce da nata. Ɗalibi a irin waɗannan wurare shi ne zai zana sashen da za a gwada, ya kai wa masu ƙira a maƙerar cibiyar, ya liƙa na'urorin awo ɗaya bayan ɗaya, ya kwana yana neman inda iska ke yoyo, ya kuma zauna a ɗakin kula ranar da za a tayar da injin. Wanda ya yi wannan shekara biyar ya zama injiniya cikakke, kamfani kuma ya sani, shi ya sa taken Dr.-Ing., wato dakta a injiniya, ke da nauyi a masana'antun ƙasar.

Matsalar ita ce shiga. Farfesoshi sun fi ɗaukar wanda suka riga suka sani, wanda ya yi digiri na biyu a cibiyarsu, ya yi aikin ɗalibi a ɗakin gwajinsu. Mai zuwa daga waje da takardar da ba su saba gani ba sai ya yi da gaske, kwamitin tsangaya ma zai iya ɗora masa wasu jarrabawa kafin a amince da shi. Ga harshe. Za a iya rubuta kundi da Turanci, amma masu ƙira a maƙera da Jamusanci suke magana, darussan da za ka koyar da taron wasu ayyukan ma haka. Hanyoyin da na ga sun fi tabbas uku ne, kuma ba daidai suke ba. Mafi tsawo amma mafi inganci ita ce mutum ya sake digiri na biyu a can, tunda a yawancin jihohin ƙasar babu kuɗin makaranta, ya koyi harshen, ya shiga cibiyar tun yana ɗalibi. Akwai tallafin DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, wanda alawus ne da bai kai albashin E13 ba, amma yakan zo da koyon harshe, kuma farfesa ya fi saurin cewa to ga wanda ya zo da kuɗinsa. Sai guraben Marie Curie na Tarayyar Turai da ake tallatawa a shafin EURAXESS: ɗan kowace ƙasa na iya nema, da Turanci ake aiki, albashin mai kyau ne, sharaɗin dai kada ya kasance mutum ya zauna a ƙasar da gurbin yake fiye da wata 12 cikin shekara uku da suka wuce.

Suwidin ta ɗauko albashi irin na Jamus ta haɗa da Turanci irin na Ingila, kuma da guraben suna da yawa da ita zan fara ambata wa kowa. Ɗalibin digirgir ma'aikaci ne, albashinsa na farawa sama da kurona 30,000 a wata, yana da hutun haihuwa kamar kowane ma'aikaci, mace ko namiji. Shekara huɗu ce, ta zama biyar idan an haɗa da koyarwa. Akwai darussa na kusan shekara guda, akwai ƙaramin digiri na tsakiya da ake kira licentiat, kundin kuma yawanci tarin maƙalun da ka riga ka wallafa ne, ana kare shi a bainar jama'a gaban masani daga wata jami'a. Chalmers da ke Gothenburg na aiki kafaɗa da kafaɗa da GKN Aerospace ta Trollhättan, wadda a da ita ce Volvo Aero kafin a sayar a 2012. Masu sha'awar injinan wuta kuma su kalli Finspång, inda Siemens Energy ke ƙera tabain matsakaita irin SGT-800, tana hulɗa da jami'o'in Lund da Linköping da KTH. Irin waɗannan matsakaitan injuna ne masana'antu da tashoshi masu zaman kansu suka fi saya. Sai dai ƙungiya guda na iya tallata gurbi ɗaya ko biyu a shekara, don haka ba a dogara da ita kaɗai. Mutumin Sahel kuma ya shirya wa duhun Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe uku da rabi. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya baro iyalinsa a gida.

'Yan'uwanmu na Nijar da Cadi da Kamaru da suka yi karatu da Faransanci suna da wata ƙofar. A Faransa digirin shekara uku ne da kwantiragin albashi, akwai tsarin CIFRE inda kamfani irin Safran mai ƙera injin jirgi ke ɗaukar ɗalibi aiki yana bincike tare da jami'a, ga makarantu da cibiyoyin bincike irin su ISAE-SUPAERO da CERFACS a Tulus, da École Centrale ta Liyon, da ONERA. Ɗakunan gwajin da yawa sai an tantance mutum ta fuskar tsaro kafin ya shiga, kuma tun juyin mulkin 2023 samun biza daga Yamai ya yi wuya. Amurka kuwa ba na cewa a manta da ita, don MIT da Purdue da Georgia Tech da Penn State suna cikin na gaba a duniya. Amma shekara biyar ce ko fiye da darussa da jarrabawar tsallakewa, ayyukan injin jirgi da yawa dokar ITAR mai hana fitar da fasahar soja ta rufe su ga baƙo, ga dokokin biza da ke ta tsananta a kan 'yan ƙasashenmu. Wanda ya samu malami da kuɗi a can ya tafi, kada dai ya jingina shirinsa duka a kanta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato me mutum zai dawo da shi. Ba mu ƙera fiffiken tabain a Najeriya, kuma ba na ganin za mu fara nan kusa. Wanda ya ƙware a siffar hujin sanyayawa, aikinsa yana Derby ko Munik, inda Rolls-Royce da MTU suke, ya san da haka tun yanzu, kuma babu laifi idan abin da ya zaɓa ke nan. Amma muna da injunan, kuma yawancin wutar da ke kan layin ƙasa daga gas take fitowa: Geregu, Afam, Omotosho, Olorunsogo, Azura-Edo mai megawat 461, ga na kamfanin NLNG a Bonny masu juya kwamfreson daskarar da gas. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano an shimfiɗa shi ne da niyyar a kafa tashoshi a kan hanyarsa. Injunan nan kuwa ana auna ƙarfinsu ne a digiri 15, a daidai bakin teku. Ka kai injin Kano a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, iska ta yi sako-sako, kwamfreso ya kasa haɗiyar nauyin da aka ƙera shi a kai, sai ƙarfin ya ragu da kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Tudun Kano kansa, kusan mita 500 sama da teku, zai ƙara cin wajen kashi 5. Hunturu ya zo da nasa: matatun iska su toshe, ƙurar da ta tsallake ta manne a fukafukan kwamfreso kamar yadda take taruwa a fiffiken fankar ɗaki, injin ya riƙa shan gas da yawa yana ba da wuta kaɗan. Sau nawa za a wanke shi yana aiki, yaushe za a kashe shi a yi masa wankin sosai, wace irin matata ta dace, shin sanyaya iskar shiga da feshin ruwa zai biya kuɗinsa a garin da ruwa ke da tsada? Kowace ɗaya a cikin waɗannan ta isa kundin digirgir.

Masu ƙera injin jirgi ma ƙurar ta dame su. Idan yashi ya shiga ɗakin ƙonewa yakan narke ya zama kamar gilashi, ya ratsa rufin yumɓun nan ya ɓare shi, ya toshe hujin sanyayawa, injin ya koma gareji kafin lokacinsa. A bikin baje kolin jirage na Dubai a 2023 shugaban Emirates, Tim Clark, ya fito fili ya koka da ƙarkon injin Trent XWB-97 a yanayin zafi da ƙura. DLR a Kolon da Jami'ar Manchester duk suna binciken wannan. Hazon da ke lulluɓe Maiduguri da Kano da Damagaram kuwa yawancinsa daga kwarin Bodélé na Cadi yake tasowa, tsohon gindin tafki ne mai cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa, don haka sinadarinsa ya bambanta da yashin Larabawa. Ɗalibin da zai iya kawo samfurin wannan ƙura da bayanan yanayinta yana da abin da ɗan Turai ba shi da shi, kuma a nan ne nake ganin bukatarmu da tasu suka haɗu a wuri guda.

To wa ya kamata ya bi ina? Idan kana aiki a tashar wuta ko kamfanin gas ko kana koyarwa a jami'a, kana da tallafi a hannu, niyyarka kuma ka dawo cikin shekara huɗu, Cranfield ta fi dacewa da kai, da sharaɗin ka gina lissafinka da kanka kuma ka yi shi a kan injin gaske na gida. Idan shekarunka ba su ja ba, ba ka da mai biya maka, hannunka na son ƙarfe, kuma kana iya ba da shekara bakwai har da koyon harshe da sake digiri na biyu, Jamus za ta ba ka abin da ya fi zurfi, ba tare da bashin kowa a wuyanka ba. Mai iyali, musamman mace mai ƙananan yara, ta sa ido sosai a kan guraben Suwidin da na Marie Curie, saboda haƙƙin ma'aikaci da ke cikinsu. Kambirij da Oksfod a nema, amma tare da wasu.

Kafin ka amsa tayin kowace, ka tambayi malamin kai tsaye ko injin gwajin da za ka yi aiki da shi yana aiki yanzu ko ana kan haɗa shi, don jiran kayan gwaji na cinye shekara. Ka tambayi shekara nawa kuɗin aikin ya rufe da abin da zai faru idan ya ƙare kafin ka gama, da ko kamfani zai bar ka ka wallafa sakamakonka. Ka nemi ɗaya daga cikin ɗalibansa na yanzu ku yi magana ba a gabansa ba. Wasiƙar farko kuwa kada ta wuce rabin shafi. Ka karanta maƙala biyu ko uku da ƙungiyar ta gabatar a taron masana injin tabain na ASME Turbo Expo na shekarun baya-bayan nan, ka faɗi wadda ta shafi abin da kake so da dalili, sannan ka faɗi abin da za ka kawo. Idan kana da damar samun bayanan aikin wani injin na shekara ɗaya ko biyu, wato zafin iskar shiga, matsin bayan kwamfreso, zafin hayaƙi, gas ɗin da ya sha da megawat ɗin da ya bayar, ka nemi izinin hukumar tashar a rubuce tun yanzu, ka ambaci hakan a layin farko na wasiƙar.